Daga Mai Kishin Ƙungiya

Ƙarfe ɗaya saura na dare saƙon ya faɗo wayoyinmu, mu ashirin da uku, daga wata lamba da babu wanda ya san ta. Saura sati biyu mu hau dandamali da Uwar Gulma, wasan nan na Mohammed Sada da kusan duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya taɓa karantawa. Saƙon ya fara da sallama, ya ce "a taƙaice dai," sannan ya zubo bayanin da ya fi huɗubar Idi tsawo. Wai ƙungiyarmu ta zama gadon gidan mutum huɗu: su ke raba rol, su ke riƙe kuɗi, su ke shan shayi, sauran jama'a kuwa 'yan rakiyar amarya ne. A ƙasa aka sa hannu: Daga mai kishin ƙungiya.

Na shekara goma sha ɗaya ina wasan daɓe a unguwarmu a Kano. A ajin wata firamare muke rihazal bayan la'asar, kuma irin wannan saƙo na gan shi ya fi a ƙirga. Da can a takarda yake zuwa, an rubuta da hannun hagu, an cuso ta ƙarƙashin ƙofar aji. Yanzu a waya yake zuwa. Mutanen da ke cikin rigimar kuwa su ne dai, kamar an rubuta musu fitowa.

Shi Mai Kishin ya kamata a fara dubawa. Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake faɗar magana mai zafi a kwana lafiya. Mai habaici yana tsaye a gabanka kana ganin fuskarsa, wanda yake nufi ne ya sakaya. Ɗan tashe, daga goma ga watan azumi, yakan manna gemun auduga ya kwaikwayi tsoho ko malami, amma duk layin sun san ɗan gidan wane ne. A wasan gauta ma matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarkin na zaune yana kallo. Mai Kishi ya juya abin: sunayen mutane ɓaro-ɓaro, nasa kuwa a aljihu. Kuskurensa ɗaya ne, ya manta da wa yake wasan ɓuya. Mutane ne da sana'arsu ke nan kama muryar wani, da tafiyarsa, da yadda yake gyaran murya kafin ya yi ƙarya. Cikin mu ashirin da uku mutum ɗaya ne tak ke cewa "a taƙaice dai" sannan ya yi minti ashirin. Kafin sallar asuba kusan kowa ya gane shi, amma da safe kowa sai cewa yake, "Oh, ko wane ne wannan?"

Su kuma 'yan gaban goshin da ake magana, na taɓa sa musu ido na wata guda don in kama su suna ƙulle-ƙulle. Abin da na gani shi ne, su ke zuwa ƙarfe huɗu daidai, su share ajin, su jera bencina. Su ke lallaɓa mai gadi idan muka wuce lokaci. Ɗayansu ke aro janareta, ɗaya ke haɗa kuɗin mai daga aljihunsa ya ce a biya shi ƙarshen wata, ƙarshen watan da har yau bai zo ba. In an tashi, da yake su ne na ƙarshen fita, sai su tsaya wurin mai shayin bakin titi. To a teburin mai shayin nan ake yanke komai, wannan gaskiya ne. Tsakanin kofi na farko da na biyu za a ce, "Wa kuke ganin zai iya rol ɗin Hayatu?" Sai a duba hagu a duba dama, a ga wanda ke zaune. Ba su taɓa zama sun ce za su ware kowa ba. Amma ba su taɓa ɗaga kai sun ce wa mai wucewa, "Zo ka zauna mana," ba. In ka tuhume su sai su buɗe baki da mamaki na gaske, wanda ya fi duk wanda suka taɓa yi a dandamali kyau.

Darakta kuwa ba shi da ɓangare. Shi ya faɗa, kuma yana faɗa a kowane taro, hannunsa a ƙirji. Sai dai a duk wasan da muka yi, in akwai sarki shi ne, in akwai Alhaji mai kuɗi shi ne, in babu ko ɗaya sai a ga marubuci ya ƙaro wani kawu attajiri da ya dawo daga Makka. Hujjarsa mai ƙarfi ce: shi kaɗai ke da babbar riga mai aska takwas, kuma ba ya ba da aro.

Akwai Baba, wanda muke kira Baba saboda shekaru, ba don ya haifi kowa a cikinmu ba. Baba ya ga jiya. Ba a minti biyar da shi bai ambaci Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ba, ko Kasimu Yero, ko Karkuzu na Jos. Ya haddace cewa ƙungiyar wasan daɓe irin tamu ce, Tumbin Giwa, ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan harkar fim ɗin Hausa ta kama hanya, kuma yana faɗin haka da wata irin murya da za ka ɗauka shi ya riƙe musu kyamara. Maganar tasa ce ta ɗora wa kowane yaro a ƙungiyar zazzaɓin cewa daga wannan ajin mai fasasshiyar taga za a tsince shi a kai shi Kannywood, shi ya sa rol ɗin dillali mai layi shida yake zama abin gaba. Da aka nuna wa Baba saƙon sai ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ce, "A zamaninmu, yaro, in kana da magana gaban mutum kake zuwa." Wani dattijo da suka yi zamani tare ya taɓa raɗa mini cewa Baba ya ƙware da rubutu da hannun hagu.

Sai Ɗan Sandan Ciki. Wannan ko rol bai damu da shi ba, ranar da saƙo ya zo ita ce sallarsa. Ya kira lambar, a kashe. Ya sa ta a Truecaller, babu suna. Sai ya yi dabarar da ya fi alfahari da ita: ya buɗe OPay kamar zai tura wa lambar naira ɗari, don sunan mai asusun ya fito. Sunan wata Hajiya ya fito, wadda babu wanda ya taɓa ji. Kwana uku yana bin dangin 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, wa ke da gwaggo mai wannan suna, wa ke da uwar ɗaki. Mu da muka san amsa tun daren farko muka ƙyale shi, don ba a raba yaro da abin wasansa.

Kusa da shi akwai Mai Rantsuwa, wanda tun ba a tambaye shi ba ya shigo yana "Wallahi tallahi ba ni ba ne, ku duba wayata." Ba shi ba ne kuwa. Haushinsa ma shi ne babu wanda ya zarge shi.

Jarumarmu an sa sunanta a cikin huɗun, kuma nan ne saƙon ya yi zalunci. Ita ke fitowa a Halima a Uwar Gulma, ita ce amarya a wasan bara, ita ce bazawara a na bara waccan. Dalili kuwa mata biyu gare mu, ɗayar kuma yayanta ya ce in aka kira magariba ba ta gida to ta bar wasan. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya a ƙasar nan ya san wahalar samun mace da gidansu za su yarda ta hau dandamali, da irin maganganun da take haɗiya a unguwa. Da ta karanta saƙon ba ta ce komai ba sai, "Yaya Darakta, ga rol ɗin nan, a ba Mai Kishi ya ɗaura zani." Aka yi kwana biyu ana ba ta baki.

Wanda na fi jin tsoro shi ne Na-Kowa. Yana teburin mai shayi, yana kuma zauren WhatsApp na biyu, wanda aka buɗe ba da su Darakta ba. Ashe akwai na uku, wanda aka buɗe ba da 'yan na biyun ba, nan ma yana ciki. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗan leƙen asirinsa ne. Ba ya ƙara gishiri, ba ya ƙarya, abin da aka faɗa kawai yake kaiwa, sai dai yakan zaɓi lokacin da zai fi zafi. A dandamali bai iya komai ba, ko sallama ya yi sai ka ji kamar karantawa yake.

Ma'aji ba ya cikin kowace rigima, littafin kuɗi ne kawai kullum ya manto shi a gida.

Saura mutumin da ya sa na kasa yi wa saƙon dariya har ƙarshe. Shekara shida yana ƙungiyar. Ya yi dogari sau biyar, ya yi ɗan sanda, ya yi mai kiran salla daga bayan labule, sau ɗaya kuma ya yi gawa, aka yabe shi ƙwarai. Duk abin da ya furta a gaban 'yan kallo cikin shekarun nan bai wuce gaisuwar sarki da "to, ranka ya daɗe" ba. Ba ya fashin rihazal, amma ana tashi yake tafiya, don yana da shagon caji da zai buɗe. Ya haddace layin kowa, har ana juyowa wurinsa idan jarumi ya kakare. Babu wanda ya taɓa tunanin gwada shi, domin ya iya dogari, kuma wanda ya iya dogari ai dogari ne. Ya taɓa ɗaga hannu a taro, ya ce "a taƙaice dai," kafin ya iso kan maganar Darakta ya duba agogo ya ce a yi addu'a.

Ranar Asabar aka kira taron gaggawa. Darakta ya zo da babbar rigarsa, ya ce za a karanta saƙon a gaban kowa, ya miƙa wayar ga ɗan barkwancinmu, wanda ke iya kwaikwayon har kukan ƙofar ajin. Yaron ya miƙe, ya sauke kafaɗa ɗaya, ya haɗa hannuwa a baya irin tsayuwar dogari, ya ɗan shaƙe murya, ya ce, "A taƙaice dai." Ajin ya yi tsit na daƙiƙa biyu, sannan Baba ya fara tari, jaruma ta rufe fuska da mayafi, benci ɗaya ya kife da mutum uku. Babu wanda ya kira suna, babu wanda ya waiwaya. Ɗan Sandan Ciki kaɗai ke tambaya, "Me ya faru? Me ya faru?" Shi kuwa mutumin yana zaune a ƙarshen benci yana dariya tare da mu, gumi na bin wuyansa.

Da aka lafa, Darakta ya ce shi ba shi da ɓangare, kuma ya daɗe yana tunanin a gwada sababbin fuskoki. Aka ba dogari rol ɗin alƙali. Ranar nan bai buɗe shago da wuri ba, ya tsaya ya kama bakin benci aka mayar da su, aka kulle aji, aka wuce wurin mai shayi. Na gan shi a can yana juya cokali, ana tambayarsa wa yake ganin zai iya dogari.

Bayan wata uku, ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare, wani saƙo ya shigo daga wata sabuwar lamba. Ya ce ƙungiyar ta zama gadon gidan mutum biyar, ya jero sunayensu. Na duba na biyar ɗin, na duba yadda aka sa waƙafi, na kashe waya na kwanta. Da safe Mai Rantsuwa bai ce uffan ba.