Zuwa Ga Sarkin Bulalan Bakura

Taubashina, ɗan Kawu. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dorinar nan taka da aka ce har mai kake shafa mata duk daren Lahadi don ta wayi gari cikin shiri. Labari ya iske ni har Talata Mafara cewa makarantarku ta naɗa ka malamin ladabtarwa, yara kuma sun ƙara maka da tasu sarautar, suna kiranka Sarkin Bulala. Da na ji, sai da na nemi wuri na zauna. Na ce ikon Allah, yau an ba kura jiran akuya.

Kai ne fa wanda Kawu ya ɗauko daga Bakura ya kawo gidanmu don ka yi firamare, saboda can an gaji da kai. Ranar Talata ba ta taɓa samunka a aji ba, kana kasuwa kana bin masu ƙosai. Sauran ranakun kuma sai a tsinto ka a magudanar ruwan Bakolori, yunifom rataye a reshe, kana iyo. Wando uku kake sakawa ranar Litinin, har da ɓoye littafin lissafi a ciki, kuma wannan ne kaɗai amfanin da littafin ya taɓa yi maka. Duk dukan da ka sha bai sa ka daina ba. Abin da ya gyara ka shi ne malamar nan ta aji biyar da ta naɗa ka monita ta miƙa maka alli da makullin aji, kunya ta hana ka guduwa. Idan ka manta, gwaggonka ba ta manta ba, ta ce in tuna maka.

An ce kafin ƙarfe takwas kana bakin ƙofa, ka ja layi a ƙasa da tsinin dorina. Duk wanda ya iso bayan an buga ƙararrawa sai ka ce, "Kai wanga yaro, zo nan!" Daga nan sai kamun kunne, sai tsallen kwaɗo har gindin tuta, a rufe da bulala shida. Ban ji an ce ka taɓa tambayar ɗayansu abin da ya tsayar da shi ba. Ka dubi ƙafafunsu mana. Wancan da laka ta bushe masa har ƙwauri daga fadama yake, tun asuba yake korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Waccan mai hijabi a jiƙe sai da ta cika randunan gida kafin a bar ta ta fito. Wanda ya zo daga ƙauye kuwa, ubansa ne ya hana shi kama hanya sai rana ta fito, kuma ni da kai mun san dalili.

Bari in ajiye wasa na ɗan lokaci. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, nan ƙasarmu ta Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta garinku aka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. A wancan lokacin gwamnati ta rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Uban da ya ga duk wannan, ya sake ɗinka wa 'yarsa yunifom ya ce ta koma aji, ya yi jarumta. Yarinyar da ta yarda ta koma ta fi shi. Irin waɗannan yaran idan sun iso bakin ƙofa, ko sun makara, sannu da zuwa ya kamata su fara ji daga bakinka.

Na san amsarka, domin tun muna yara ba ka rasa bakin kare kai. Za ka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma doka ta ba ka dama. Gaskiya ne, sashe na 55 na Dokar Final Kod ta Arewa ya yarda malami ya hori yaron da aka damƙa masa. Amma sashen ya gindaya sharaɗi, kada horon ya kai ga mummunan rauni. Ka karanta rabin farko ka naɗe littafin, kamar yadda ka saba yi da kowane littafi. Akwai kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Zamfara ta sa hannu a kan tata a 2022. Akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta sa karatun shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole. Yaron da ka kora gida saboda ba shi da takalmi ko bai kawo tsintsiya ba, haƙƙinsa ka tauye.

Idan kuma ka ce waɗannan dokokin boko ne, to zo mu koma wurin malamanmu na Malikiyya. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rayu a ƙarni na tara na Miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman makaranta. Ya taƙaita horon yaro kan karatu ga bulala uku, ƙari a kan haka sai da izinin uba, kuma ya hana malami duka don huce haushinsa. Kai kuwa ranar da albashi ya makara, duk makarantar sai ta sani a jikinta.

Kada ka je ka ce wa Kawu na ce a bar yara su yi abin da suka ga dama. Makarantar da babu tsawatawa ba ta da amfani ga kowa. Yaron da ya shigo da wuƙa, ko ya zagi malama, ko ya ƙwace kuɗin tara na ƙanana, ko ya fara shaye-shaye a bayan aji, ko ya shiga jarrabawa da satar amsa a cikin hula, dole a hukunta shi, a kira ubansa, in ta kama a dakatar da shi. Amma hukunci yana da ƙa'ida. A rubuta dokokin makaranta da Hausa a manna a bango, a karanta wa iyaye a taron ƙungiyar iyaye da malamai, kowa ya san laifi da hukuncinsa tun kafin a aikata. A saurari yaro kafin a yanke masa. Mutum ɗaya ya yi surutu, kada a zane aji guda. A daina zagin iyayen yaro a gaban asambuli. A karɓe bulala daga hannun firifet, domin yaro ba ya horon yaro sai da mugunta. Wannan aikin leba kuma da kuke cewa horo ne, ya tsaya a harabar makaranta. Na ji an ce gonarka ta gero ta fi ta kowa tsabta bana, kuma ban taɓa ganinka da fartanya ba.

Sai kuma babbar tambayar. Wa ke tsayawa a bakin ƙofa ya jira malamai? Malamin da zai sa hannu a rajista ƙarfe goma ya rubuta bakwai da rabi, da wanda ke barin aji ya tafi acaba, da wanda ya shekara bai duba littafin yaro ba, su waye ke sa su tsallen kwaɗo? Laifi tudu ne, taubashi. Ranar da za a fara, ina so a ba ni kujera a gaba, domin ina son in ga yadda tumbin nan naka zai yi da tsalle.

Manyanmu ma ba su tsira ba. Garuruwan nan uku sun ba Zamfara gwamnoni uku: naku Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, namu Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan mulki yana zagaye tsakanin gidajenmu. Duk da haka sai da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023. Ka ga ba Bamafare ko ɗan Bakura da zai yi wa wani gori. Yaron da ke zaune a ƙasa, cikin aji mai cunkoso, a makarantar da ba katanga, mu ne muka makara a kansa tun kafin shi ya makara.

To ga shawara kyauta, tunda na san ba ka iya biya, kuɗin sharar bana ma har yau ban gani ba. Ka sayi littafi ɗaya ka riƙa rubuta sunan duk wanda ya makara da dalilinsa. Wanda ya maimaita sau uku, ka taka har gidansu ka ga abin da ke ciki, ko ka kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta da mai unguwa. Mafi taurin kai a cikinsu ka ba shi aiki ya riƙe. Dorinar kuma ka aiko mini da ita ranar kasuwa, akwai masu jakai da ke nema.

Ka gaishe da Kawu da amarya. Kuma daga ranar Litinin, don Allah, ka fara tambayar yaro kafin ka ɗaga hannu.