Yadda Na Koya Wa Motar Surukina Fito

Ina rubuta wannan takarda ne da ƙyar, domin babban yatsana na dama har yanzu yana ɗauke da wani jan tambari kewayayye kamar an buga masa hatimin alƙali, kuma na ga ya fi mini alheri in ba da labarin da bakina tun kafin 'yan kamashon unguwar Naif su kai shi Kano da ƙarin gishirinsu.

Ni akawu ne a wurin surukina, wanda ya daɗe yana harkar aika kaya daga Dubai zuwa gida, yana da ofis a Dera da sito a Ras al-Khor, da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar GMC mai silinda takwas, irin wadda Larabawan nan suke kira Jims, wadda take jigilar kwalaye tsakanin wuraren biyu ba ta taɓa saɓa wa kowa ba. A saman injinta akwai wani baƙin abu da makanikai ke kira manifol, wanda shi ne maƙogwaron injin, ta cikinsa iska ke bi ta rarrabu zuwa silindojin nan takwas. Tun da aka fara fito da wannan inji a 1999 na roba ake sa masa, ba kuwa robar bokiti ba, nailan ce da aka cuɗa da zaren gilashi, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 200. Aibinsa ɗaya ne, muni: duk bayansa ƙuraje ne da ƙahoni da haƙarƙari. To, da na ga a waya yadda waɗansu mutanen Amurka suke yanke ƙahonin nan, su goge shi da samfefa har ya yi sumul kamar ƙwai, su fesa masa fenti, sai na yi ƙiyasi, na ce abin da wani mai gemu ya yi a bayan gidansa ba zai gagari mutumin da ke lissafin kwantena ba. Malamai sun raba jahilci gida biyu, basiɗi da murakkabi, kuma na biyun shi ne mutum bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. A ran Asabar ɗin da na hau aikin ni ne limamin masu na biyun.

Na kwance notuna goma, na ciro shi, na aro injin gurza, na hau aiki. Ashe kaurin robar bai kai na tsabar dirhami biyu a haɗe ba, kuma ɗaya daga cikin ƙahonin holoƙo ne, yana zarcewa har cikin inda iska ke taruwa. Ina shafe shi sai ga wata 'yar kafa kamar ƙwayar wake tana kallona. Ban gaya wa kowa ba. Na kwaɓa gam mai tulu biyu, na cusa, na goge, na fesa jan fenti, har ni kaina na kasa gane wurin. Daga baya ne aka sanar da ni cewa nailan da ta shekara da shekaru tana shan tururin mai ba ta riƙe gam, kuma masu sana'ar narka irin robar suke yi da ƙarfe mai zafi su yi mata walda. Aka kuma sanar da ni cewa idan inji yana sulo, ƙofar totur a rufe take, fiston takwas suna zuƙa, saboda haka duk abin da aka liƙa a bakin kafa, ciki za a ja shi.

Ran Litinin bayan azahar, ni da kaina na aika aka kira surukina ya zo ya ga aikin. Wannan jumla ita ce ta fi yi mini nauyin rubutawa. Ya zo tare da baƙonsa, wani dattijo Badamagare da ya zo sarin turare, kuma da yake dokar ƙasar nan ta hana aikin ƙarfi a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, duk leburorin layin, da 'yan Fakistan da 'yan Bangaladash da mutanen Kerala, suna zaune a inuwa ba su da abin yi sai kallo. Na buɗe bonet, jan manifol ya haska, wani ya ce masha Allahu. Na shiga na murɗa makulli, na fito da sauri domin in tsaya kusa da aikina a san mai shi.

Daƙiƙa uku na yi ina mutum. A ta huɗu aka ji wani ɗan sauti, fut, kamar yaro ya tofar da ƙwallon magarya, daga nan kuma motar surukina, wadda ta yi shekaru tana aiki cikin natsuwa da kamun kai, ta ɗaga murya ta fara fito, wani siririn fito mai tsawo mai huda kunne, wanda ya ɗara na butar shayi, ya kusa algaita, injin kuma ya hau sama da kansa kamar an taka masa totur, saboda iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya ba tare da na'urar awo ta san da ita ba. Ban yi shawara da hankalina ba. Na ɗare kan bamba, na kwanta rub da ciki a kan injin, na miƙa hannu can ƙurya, na danne kafar da babban yatsa. Nan take fito ya ɗauke, injin ya sauko, wuri ya yi tsit.

To, a nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya ya dubi halin da nake ciki, domin na dube shi sau ɗari tun daga ranar, a kan shimfiɗa da kan sallaya, kuma kullum sai na gano wani sabon ɓangare na wulaƙancin. Ga ni a kife, ƙafafuna suna lilo a iska, takalmi ɗaya ya faɗi, jallabiyata ta tattare har gwiwa, zafin Agusta yana gasa ni ta sama, injin yana gasa ni ta ƙasa, kafar tana tsotsar yatsana kamar ɗan maraƙi, kuma abin da ke fuskantar surukina, mahaifin matata, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ambaton sunansa ba, shi ne sashen jikina da shari'a da al'ada suka yi ittifaƙi a kan cewa ba a nuna wa manya shi.

Shi kuwa, da yake mutum ne mai cikakken ladabi wanda ba ya tsallake gaisuwa ko gobara ake yi, sai ya gyara murya ya ce, "Malam, barka da rana." Tarbiyya ta motsa, na yunƙura in juyo in rusuna, yatsa ya ɗaga, mota ta ce fiii. Na koma na danne. Ya ce, "Ina gajiya?" Na sake yunƙurawa, na ce, "Ba gajiya, Baba," mota ta ce fiii. Ya ce, "Yaya iyali?" alhali iyalin 'yarsa ce, kuma da safe ya gan ta, amma sai da ya tambaya, mota kuma sai da ta amsa. Haka muka bi gaisuwar nan daki-daki har zuwa madalla, ni da mota muna karɓa tare, ita ta fi ni murya. Wani Bafatane ya ce, "Shu hada?" Wani kuma ya ɗaga waya.

Sa'an nan dattijon nan Badamagare, Allah ya saka masa da alheri gwargwadon niyyarsa, ya matso, ya naɗe hannun riga, ya leƙa ta ƙarƙashin hammatata, ya yi shiru irin na mufti da aka kawo wa mas'ala mai wuya. Ya ce, "Ɗana, kada ka firgita, ni yaron mota ne tun zamanin motocin Barliye, na bi hanyar Damagaram zuwa Agadas fiye da yadda ka bi hanyar masallaci. Wannan ba komai ba ne, iska ce ta shiga ta rasa mafita. A huda wata kafar a ɗaya gefen, wadda ta shiga ta nan ta fice ta can." Na ce, "Baba, a kashe motar." Bai ji ni ba, ko kuwa ya ji ya ga maganar ba ta da daraja. Ya ce in ba a yarda da wannan ba, to, a kawo sabulun wanki da sukari a kwaɓa, domin da shi suka toshe tankin mai a tsakiyar rairayi, ya kai su har gida. Da aka ce babu sabulu, sai ya laluba aljihu ya ciro dabino, ya cire ƙwallon, ya fara taunawa, yana bayani da cikakken baki cewa dabinon Larabawa ya fi na Agadas danƙo, kuma abu ne mai albarka, ba zai cuci inji ba. Na ce, "Baba, makulli." Ya haɗiye dabinon, da alama bisa mantuwa, ya koma kan wata hujjar, ya juya ga surukina ya ce shi abin da ya fi damunsa ma ba injin ba ne, fiton ne, domin tun suna yara an hana su fito da tsakar rana saboda yana kiran mutanen ɓoye, ga shi kuwa wurin nan kusa da ruwa yake, saboda haka kada yaron nan ya kuskura ya ɗaga yatsa. Daga ƙarshe ya yanke fatawar da ya ga ta tattara maslahar kowa: in zauna yadda nake, a sami direba mai hankali ya ja motar sannu a hankali zuwa garejin Al Kuz, tun da ba nisa, shi kuma zai zauna a gaba yana yi mini addu'a.

Wallahi na fara auna maganar. Har na tambayi kaina ko za a bar bonet a buɗe ne.

Wanda ya cece ni wani yaro ne mai kawo shayin karak daga kantin kusurwa, wanda bai san Hausa ba, bai kuma san Barliye ba. Ya ajiye faranti a ƙasa, ya zura hannu ta taga, ya murɗa makulli, ya ɗauki farantinsa ya wuce. Injin ya mutu, kafar ta saki yatsana, na sulalo ƙasa na durƙusa, a makare, na gai da surukina gaisuwar da ta kamata tun farko. Ya daɗe yana duban jan manifol, sa'an nan ya ce, cikin taushin murya, "Malam, da ma ta ce maka wani wuri yana yi mata ciwo ne?" Bai ƙara ba sai a mota, inda ya tuna mini cewa taɓa inji ba da izini ba a ƙasar nan yana iya jawo tarar dirhami 1,000 da tsare mota kwana 30.

Bakaniken da ya duba ta ya ce gam ɗin ya bi ta cikin silinda ya fice ta salansa, kuma sa'a na yi da bai tsaya a hanya ba. Dattijon ya koma Damagaram jiya, yana nan a kan bakansa cewa da an bar shi ya sa dabinon da ba a kashe ko sisi ba. An sayo wani manifol ɗin a wurin masu tsofaffin kayan mota na Sharja, za a cire kuɗin daga albashina kashi uku. Baƙi ne, da ƙurajensa da ƙahoninsa duka, kuma ba ya fito.