Tunkun Alhaji

A wata unguwa a Daura, gefen hanyar da ta nufi Kongolam, an yi wani mai hali da ya sayi ɗan tunku a hannun wani maharbi daga ƙasar Baure. Maharbin ya haƙo shi ne daga cikin suri, idonsa bai daɗe da buɗewa ba. Abin da Alhaji ya gaya wa iyalinsa shi ne ya ga saɓar maciji a bayan rumbu, kuma kowa ya san tunku ba ya shakkar maciji. Nan bai yi ƙarya ba. Allah ya ba dabbar zafin nama da jiki mai jure dafi, ko da yake gamsheƙa in ta same shi da kyau tana iya kai shi ƙasa.

Uwargida ba ta so ba. Ta ce, "Alhaji, naman daji ne fa. Ga wari, ga shi ba ya barci da dare." Ya ce ta bar masa kayansa.

A dawa, yawancin abincin tunku gara ce da fara da buzuzu, sai ɓera ko ƙadangare in ya samu. Alhaji ne ya ɗanɗana masa ƙwai, daga nan sai ɗanyen nama, daga nan sai ya riƙa rataye ɗan tsako da zare yana lilo da shi har tunku ya cafke, baƙi suna tafi a zaure. Da ya girma, farin jelarsa ya cika, ba abin da ya iya sai cafka.

A lokacin akwai rikicin iyakar fili tsakanin Alhaji da wani attajiri maƙwabcinsa. Sai ya zama kullum da dare ana barin rariyar bayan gida a buɗe. Gari ya waye, an kashe wa attajiri kaji uku, Alhaji ya yi dariya, ya ƙara wa tunku nama. Attajiri kuwa bai ji ko a jikinsa ba, ya je kasuwar Mai'adua ya sayo wasu, ya sa aka yi masa akurki na waya. Da tunku ya zo ya tarar ba hanya, sai ya faɗa gidan da ke kusa, na wata tsohuwa mai riƙon marayu, wadda da kuɗin ƙwai take saya musu sabulu da littafi. Dare biyu ya share mata akurki. Daga nan ya bi gida gida, duk inda katanga ta zube ko dangar kara ce, wato gidajen da ba su san ma inda filin da ake faɗa a kansa yake ba.

Aka kai ƙara wurin mai unguwa. Alhaji ya zo da babbar riga, ya ce, "Ranka ya daɗe, dabbar nan gadi take yi wa unguwa. Garin nan kuma da kashe maciji ya samu ruwa, kowa ya sani."

Tsohuwa ta gyara lulluɓi, ta ce, "Haka ne, Alhaji. Amma Bayajidda da kansa ya je Kusugu cikin dare, da wuƙar da maƙeran Gaya suka yi masa, ya fille kan macijin, da safe kuma ya nuna wa Daurama kan. Ina kan da naka ya kawo? Kuma macijin nan, duk da muguntarsa, yana bar wa mutane ranar Juma'a su ɗebi ruwa. Naka wace rana ya bar mana?"

Ba wanda ya amsa mata. Sai wani malamin makaranta ya nemi izini, ya ba da labarin wani tsibiri a Japan mai suna Amami. A 1979 aka saki ƙananan tunkaye irin na ƙasar Indiya wajen 30 a can, don su cinye wani mugun maciji da ake kira habu. Ashe su da rana suke yawo, habu da dare, ba su cika haɗuwa ba. Sai suka juya kan wani baƙin zomo da babu irinsa sai a tsibiran wurin, da tsuntsaye da kajin mutane. Zuwa shekarar 2000 sun kai wajen 10,000. Aka ɗebi ma'aikata da tarkuna da karnuka, aka yi shekara fiye da ashirin ana fama, sai a Satumban 2024 gwamnati ta ce an gama da su. Ya ce tun 1872 aka yi irin wannan a Jamaika, inda guda 9 da aka kai gonakin rake saboda ɓera suka cika ƙasar, shi ya sa har yau Amurka ba ta yarda a shigo mata da su.

Alhaji ya ce wannan tatsuniyar 'yan boko ce. Mai unguwa, wanda buhun geron da ke ɗakinsa daga gidan Alhaji ya fito, ya ce a yi haƙuri, zaman tare ya gaji haka. Tsohuwa ta tashi tana cewa tunku ya san surin da yake yi wa kashi.

Ba a daɗe ba manya suka shiga tsakani, aka raba fili, Alhaji da attajiri suka shirya. Ranar Sallar Gani a inuwa ɗaya suka zauna suna kallon hawa. Tun daga ranar aka daina yanka wa tunku nama, aka toshe rariya yana waje.

A nan ne ni tausayinsa ya kama ni, kuma ina ganin duk mai adalci zai ji haka. An raba shi da uwarsa tun bai san komai ba, ba a bar shi ya koyi tonon gara kamar 'yan'uwansa ba, an lalata masa baki da abin da ba zai iya samu ba sai da ɓarna, sannan da buƙata ta ƙare aka rufe masa ƙofa. Dawa ba ta san shi ba, gida ya ƙi shi. Ya rame, gashinsa ya zube, ya fara fitowa da rana tsaka, abin da irinsa ba sa yi. Wata rana ya ciji jikan tsohuwar nan a ƙafa. Da yake tunku na iya ɗaukar ciwon haukan kare, sai da aka yi ta kai yaron asibiti ana yi masa allura, tsohuwa ta sayar da akuyarta ɗaya tilo ta biya.

Samarin unguwa suka rutsa shi a wani kango suka kashe da sanduna. Aka aika wa Alhaji ya zo ya ga dabbarsa. Ya leƙo, ya toshe hanci, ya ce, "Wannan ai na daji ne. Ni nawa ya daɗe da ɓacewa." Kuɗin allura ko sisi bai bayar ba.

Yanzu shekara huɗu ta kusa zagayowa tun sayen tunkun nan, an ce wata sabuwar magana ta taso kan wani filin. Maharbin Baure ya shigo gari makon jiya da kwando a rufe. Alhaji ya karɓi biyu, attajiri ya karɓi uku, iyayen unguwa kuwa suna zaune a ƙofar gida suka ga wucewar kwandon, ba wanda ya tashi ya tare shi.