Alƙalan Fim na Fadar Shayi

Daga Tasawa har Mayahi, da wuya a sami fadar shayi da ba ta da alƙalan fim. Salula ɗaya ce jingine da gwangwanin sukari, an cika ta da fina-finai wajen mai turi a kasuwa, kawuna sun yi mata rumfa. Kowa da abin da ya kawo shi.

Akwai mai doki. Shi labari bai dame shi ba. Tun da Ertugrul na Turkiyya, wanda aka soma nunawa a 2014, ya iso da Hausa, ya sami aikin yi: duba zaman jarumi bisa sirdi. Da ya ga ɗan wasa ya riƙe linzami kamar igiyar guga, shi ke nan, fim ya mutu. Sai ya rantse ko yaran da ke sukuwa ranar hawan salla sun fi wannan. Amma in doki ya yi tsaye da ƙafa biyu, sai an maido wurin sau uku, shayi na ƙonewa.

Kusa da shi mushe ne, wato malamin makaranta mai ritaya, wanda ke kallo domin ya kama kuskure. Har yau bai huce ba game da Amina, fim ɗin da Netflix ta saki a 2021, inda sarauniyar Zazzau ke ba da umarni da Turanci. Yana duba naɗin rawani, yana duba takalmi, yana neman agogo a hannun dogari. Ma'auninsa Shaihu Umar ne na Adamu Halilu, na 1976, wanda ba wanda ya taɓa gani a fadar sai shi. Yakan cika mutane da surutu, sai dai sau da yawa shi ke da gaskiya.

Sai alhajin da ba ya son waƙa. Da an soma kiɗa ya kau da kai, ya ce a tura gaba, yara na kallo. Ranar da wayarsa ta yi ƙara a masallaci aka ji waƙar fim ɗin Sangaya.

A cikin gida kuwa goggo ce shugabar kotu. Ita ba ruwanta da takubba, a ba ta Labarina na Aminu Saira ko Daɗin Kowa na Arewa24. Tana yi wa amarya gargaɗi kada ta ci abincin kishiya, tana yi wa mugun miji Allah ya isa, kuma ba ta yarda wasa ne ba: in ya fito malamin kirki a wani fim, sai ta ce munafunci ne. Jikarta na gefe tana tsayar da hoto, gobe ta kai wa tela ɗinkin.

Wanda kowa ya tsana shi ne mai tona ƙarshe. Ya riga ya ga Izzar So a YouTube da daddare, bakinsa kuma ba ya riƙe magana. Ɗan'uwansa shi ne masoyin fassarar Algaita, wanda ya yi imani Baahubali na Indiya da Hausa aka haife shi.

Abin dariyar, ko na takaici, shi ne waɗannan alƙalai na iya lissafo 'ya'yan Ertugrul da maƙiyansa, alhali fim ɗin tarihi na kwance a ƙofar gidansu. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa. A Dankori, kusa da Tasawa, aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, ranar 14 ga Yuli. 'Yan kwanaki bayan haka Voulet da Chanoine su ma sojojinsu suka kashe su, kaburburansu na Maijirgi. Med Hondo ya yi fim a kan wannan yaƙi, Sarraounia, a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ka tambayi mai turi, sai ya yi maka kallon wanda ya ɓata hanya, ya ce akwai dai sabon fim ɗin Osman, ɗan Ertugrul.

Masu fassara, ku da kuka koya wa Turkawa da Indiyawa Hausa, ku taimaka ku juya mana Sarraounia. Mai doki da mushe suna jira.