Jadawalin Ƙarfe da Buhun Masara

Samarin Rano sun shiga ɗaga ƙarfe, kuma da tsari suka shiga, irin na masu gasar duniya. A can abu uku ake yi: ka tsuguna da ƙarfe a kafaɗa ka miƙe, ka kwanta rigingine ka tura shi daga ƙirji, sannan ka sunkuya ka ɗago shi daga ƙasa. Da na biyun kaɗai Lucy Ejike ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar naƙasassu ta duniya a 2004 da 2008 da 2016.

To, sai aka raba mako: Litinin tsuguno, Laraba ƙirji, Asabar ɗagowa. Juma'a hutu, ba a gumi cikin sabuwar shadda.

Kayan aikin na gida ne, bokitin fenti biyu cike da siminti, bututun famfo a tsakiya. Ba wanda ya taɓa ɗora su a sikeli, amma duk wanda ka tambaya kilo ɗari ne cif.

Sai dai jadawalin bai yi shawara da kaka ba. Ranar da takarda ta ce hutu, ranar Baba zai leƙo: "Kai mai ƙirji, buhunan gonar Kibiya fa ba su da ƙafa." A can za ka ga ɗan dako siriri, wanda koko da ƙosai kawai ya karya da su, ya sungumi buhu ya yi gaba. Gwaninmu kuwa yana ta zagaya nasa, wai matsalar buhu ba shi da mariƙi.