Kada Kura Ta Cika Maka Ɗaki: Yadda Ake Saita Sabuwar Waya Ta Iya Hausa

Ka sayi sabuwar waya, ka ɓare leda, abokai sun yi maka addu'ar Allah ya sa a mora. Saƙon farko ka aika wa uwargida: "A share dakin baki, kura ta yi yawa." Kai ɗakin baƙi kake nufi, da ƙurar hunturu. Ita kuwa baiwar Allah tana can tana neman mafarauci. Laifin ba nata ba ne, wayarka ce ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Tun a shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa suka zauna a rubutun boko, don haka sun girmi kakan wayar, kuma dole ta gaishe su. Ga yadda za ka koya mata ladabi.

Da farko, sauya mata allon rubutu. Idan Android ce, buɗe saitin Gboard, shiga wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Daga nan sai ka danna k ka ɗan riƙe, kamar mai gaisawa da suruki ba ya saurin sakin hannu, ƙ za ta leƙo. Haka d, haka b. Wannan ɗan jinkirin ne ke raba ƙafa da kafa, da saƙo da sako, kuma shi ne zai ceci mutuncin miyar ƙashin da kake son yi wa abokai talla. Wanda ya san abin da kalmar ke komawa idan lanƙwasa ta faɗi, ba sai an yi masa bayani ba.

Na biyu, sallami ɗan karambanin nan mai gyaran rubutu, muddin Turanci kaɗai ya iya. Shi ne za ka rubuta "sannu" ya ga kamar ka yi kuskure, ya ɗauko wata kalmar Bature ya dasa, surukarka ta karanta ta rasa gane ko gaisuwa ce ko hasashen yanayi. Ka kashe shi a saiti, ko ka mayar da shi kan Hausa ya shiga makaranta.

Na uku, kwamfuta, domin ita ma tana buƙatar wannan ladabin. Windows yana da allon Hausa a cikin jerin harsunansa, akwai kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce. In kuma kana cikin Word ne aiki ya matse, kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, kamar katin ɗan ƙasa. Rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ ta fito. Lambar ɗ 0257 ce, ta ɓ 0253. Manyansu su ne 0198 da 018A da 0181. Rubuta su a takarda ka manna a jikin bango kusa da kalanda. 'Yan'uwanmu na Nijar su ƙara da 01B4, domin su ƴ suke rubutawa a inda mutanen Najeriya ke sa 'y. Duk ɗiyan gida ɗaya ne, hula ce ta bambanta.

Na huɗu, zaɓi zubin haruffan da ya san baƙinka. Wani zubin idan ya ga ɗ sai ya ajiye maka ɗan akwati fanko, rubutunka ya koma kamar lefen da ba kaya. Noto na Google, da Charis SIL, da Andika, duk suna ɗauke da haruffanmu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa Hausa nata zubin, ya share wa mawallafa hawaye a lokacin da kwamfuta ba ta san da mu ba. Dabarar wancan zamani ita ce aron wasu madannai, shi ya sa har yau kake cin karo da "qasa" da "xaya" idan tsohon rubutu ya sauka a na'urar da ba ta da zubinsa. In kana da irin waɗannan fayiloli, sauya haruffan aron da na gaskiya, ka adana da tsarin UTF-8, rubutun ya je ko'ina da kayansa a jiki.

Na ƙarshe, gwaji, kuma a kan dattijo ake yin sa. Aika wa mahaifinka cewa gobe za ka je fada gaishe da hakimi, jibi kuma ka ji ana shirin faɗa a filin ƙwallo, ba za ka je ba. Idan ya amsa da "Allah ya yi maka albarka," saiti ya yi. Idan kuwa ya kira ka murya na rawa yana tambayar wa ya taɓa ka, koma matakin farko.

Duk aikin nan bai kai lokacin shan shayi ɗaya ba. Yaran da ke koyon karatu yau suna ganin Hausa a fuskar waya ma, kuma abin da muka rubuta shi za su ɗauka daidai. Mu ba su ƙasa da lanƙwasarta, kada su taso suna karanta kasa.