Tauraro a Kan Jesin 'Yan Runka

Ku yi dariyarku, haƙoranku ne. Cewa na yi ya kamata a riƙa tantance kulob-kulob ɗin ƙwallo na unguwa, daga Runka zuwa Safana har Batsari, wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi shaida. Na san amsar da ke jirana a teburin mai shayi: "Malam, filin da awaki ke ratsawa ana tsakar wasa, shi za a kawo wa satifiket?" To, awakin ba sa cikin sharuɗɗan, su ci gaba da kiwonsu.

A Ingila hukumar ƙwallo ta fara wannan tsari a 2001 da sunan Charter Standard, ta sake masa fasali a 2021, yanzu ana ba kulob tauraro ɗaya zuwa uku. Kada ku zaci Arsenal da Chelsea da kuke raba dare kuna musu a kansu ake nufi. Na yaran unguwa ne. Tambayoyin kuwa ba su da tsada: kocinku ya yi kwas? Akwai wanda ya iya taimakon gaggawa? An binciki halin manyan da ke tare da yara? Kuɗin ƙungiya suna banki ko suna aljihun wani?

Na ga ma'aji ya gyara zama. Kwantar da hankalinka, Alhaji, ban kama suna ba. Sai dai karo-karon sayen jesi tun kafin azumi aka yi shi, har yau kuwa ɓangare ɗaya ke tuɓe riga don a bambance su da abokan karawa.

Sai maganar shekaru, inda duk muka iya shiru. Gasar 'yan ƙasa da shekara 15, sai ga mai buga lamba tara da sabon aski a haɓa, an ɗauko shi a babur daga wani gari, yana ta duba agogo don maiɗakinsa na jiran cefane. Za ku ce ko'ina haka ake yi. Gaskiyarku, shi ya sa a 2016 gwajin MRI na tantance shekaru ya zubar da 'yan wasan Golden Eaglets 26, Nijar ta fitar da mu, mu da muka ɗauko kofin duniya a Chile a 2015.

Nan kuma a ɗan ajiye dariyar. Ranar 8 ga Maris 2020, a Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana wasa da Katsina United, ya rasu. Rahotanni sun ce motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Babbar gasar ƙasa ke nan, mai lasisi da takardu cike da durowa. Na ji mai shayin ya tafa: "Ka ga ni! Takarda ta hana?" Ba ta hana ba, wannan ka ci. Amma laifin na wanda ya sa hannu ne bai murɗa makullin motar ba. Ku kuma da ba ku da ko motar, idan yaro ya karye gab da magariba, kun fi ni sanin halin hanyar Dutsin-Ma a wannan lokacin.

Za ku ce tauraron ma sayensa za a yi. Mai yiwuwa, ai ba baƙo ba ne ni a ƙasar nan. Shi ya sa idan hukumar ƙwallo ta Jihar Katsina za ta ɗauki abin, kada jami'inta ya aiko da sanarwa, kada kuma a yanka masa kaza. Ya dira ranar wasa kawai, ya ce a buɗe akwatin magani. Na riga na san abin da zai tarar a na kulob ɗinku: ledar fiya wata biyu, man zafi da ya bushe, da usur ɗin alƙalin wasa da ake nema tun bara.